Dubu Tara a Kaset Ɗaya

Ran Lahadi a kasuwar gwanjo ta Lodz,
ƙanƙara ta narke, ƙasa ta zama caɓi,
na tsugunna gaban shimfiɗar Bogumil.
Tsakanin mataccen agogo da takalmi wari guda
sai ga shi, kaset ruwan ɗorawa, gefe a tsage,
da alkawarinsa a goshi:
wasa dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara.

Na san wannan ƙaryar, tare muka girma.
Shekarar da aka rufe masaƙar su Mama
Baba ya sayar da kekensa,
ya shigo da kwali a hammata,
ya ce, "Ga sabuwar duniyar da ake ta faɗa."
Muka jona waya a ƙeyar talabijin,
ni da ƙanwata Halszka, gwiwa na gugar gwiwa.
Wasa biyar ne kacal a ciki.
Sauran su ɗin ne dai, an sauya musu riga:
nan sama shuɗiya, can sama kore,
tankar yaƙin ita ce, bangon ma shi ne.

"Arba'in," in ji Bogumil.
Na ce da can biyar ne.
Ya ce, "Da can kai ma kana da gashi."
Ya kurɓi shayi daga murfin fulas,
ya nuna kaset ɗin da haɓa:
"Takardar zaɓe ke nan, yaro.
Sunaye reras har ƙasan shafi,
ka danna na ɗaya, ka danna na ɗari,
kiɗan da zai tashi ɗaya ne."

Ban yarda duka ba, ban kuma musa ba.
Na ce aƙalla a can rai uku ake ba kowa,
ɗan manaja da ɗan masaƙiya,
rami ba ya tambayar sunan ubanka.
Ya ce, "To, wa ke riƙe da madanni na farko?"

Nan bakina ya mutu.
Ni ne. Kullum ni ne.
Na Halszka wayarsa gajeruwa ce,
ba ta da ikon farawa, ba ta da na tsayarwa,
sai ta zauna tana cizon yatsa
tana fatan in faɗa rami.
Ashe a kan dardumar nan na koyi mulki:
mai kujera ba ya gajiya,
mai jira ba ya yi masa fatan alheri.

In allo ya daskare, hoto ya wargaje,
sai mu zare kaset, mu hura masa iska,
mu mayar, mu riƙe numfashi.
Bogumil ya ce juyin juya hali ma haka yake:
a cire, a hura, a mayar,
in ya kama kowa ya ce iskar bakinsa ce.

Na biya talatin da biyar.

A gida suna jere a kanta, ɗari uku da goma sha biyu,
matata na kiran wurin maƙabarta mai lamba.
Ba na buga rabinsu.
Wari nake saye, warin roba da ɗumin tiransifoma,
da ƙarfe huɗun yamma na wata Talata
da babu wanda ya tafi ko'ina tukuna.

Halszka na Dublin, shekara goma sha tara,
tana juya tsofaffin wasu a gadon asibiti.
Na aika mata hoton kaset ɗin.
Ta amsa da tsakar dare: "Har yanzu ina bin ka bashin wasa."

Na jona waya, kiɗan nan ya tashi, siriri kamar sauro.
Na ajiye madanni na farko a kan kujerar da ba kowa,
na ɗauki mai gajeruwar waya,
na matso kusa, don ba ta kaiwa.
Allo yana ƙyafta ido, yana jiran a fara.
Ni ma ina jira.